Geron Mutumin Cikin Fim

Ni ba makaranta ce ta koya mini Faransanci ba. A bayan babbar mota na tsince shi, tsakanin Jibiya da Maraɗi, lokacin ina karen mota, daga bakin jandarmomi da ma'aikatan duwan, wato kwastan na can. Rabinsa zagi ne, rabinsa roƙo. Amma da shi na ci abinci shekara da shekaru, kuma da shi na jawo wa yayana abin da ya same shi.

Yaya ne yake da gidan kallo a Magama, daf da shingen kan iyaka. Rumfar kwano ce, da bencina, da babban talabijin guda. Ranar ƙwallo ba a nemana, ƙwallo ba ta buƙatar tafinta. Amma sauran ranaku, in an idar da la'asar aka sa fim, ni nake zama gefe da abin magana a hannu ina fassarawa kai tsaye. Wanda bai san aikin ba yana ɗauka maimaita magana ne kawai. Ina! Sai ka rage muryar fim ɗin ka shiga bakin kowa, ka yi muryar tsohuwa, ka yi ta ɗan sanda, in jarumi ya yi shiru ka faɗi abin da ke ransa. In fim ɗin da yaren da ba na ji ne ma, ban taɓa tsayawa ba, fuska nake karantawa. Direbobi masu jiran a sallami takardunsu da 'yan babur da manoman da suka shigo gari, duk nan suke kashe yammacinsu. Ba yabon kai ba, da yawansu bakina suke zuwa ji.

Halinmu da Yaya ya sha bamban. Shi in ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri don ya ajiye ta a hanyarka. Ni kuwa ƙuda in ya sauka mini sai ya ji dalili. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, ban taɓa kallon tsabar idonsa na musa masa ba.

Da aka rufe iyaka gari ya mutu murus. Manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Fetur ya yi tashin gwauron zabi, janareta ya gagare mu, wutar lantarki kuwa sai dai mu ji labarinta. Yaya ya fara maganar rufe rumfa. Ana cikin haka sai ga ɗan wani maƙwabcinmu, wanda da mu aka ci tuwon sunansa, ya zama wakilin wani kamfanin iri da maganin feshi. Ya zo da tayi. Kamfani zai kafa mana farantan sola a kan rufi, da batura, a fente rumfa da kalarsu, mu kuma mu riƙa sa tallarsu kafin kowane kallo. Kayan na kamfani ne, aro aka ba mu, amma mu yi ta amfani. Na ce wa Yaya banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya ce in ina da fetur in kawo. Ba ni da shi, sai aka karɓi tayin.

Gaskiya dai solar nan ta raya mu. Fanka tana juyawa, ana cajin waya, rumfa ta sake cika. Tallar tasu ma ni nake ƙara mata gishiri, har yara suka haddace ta.

Bayan an buɗe iyaka ne wani abokina ɗan Nijar, direban motar albasa wanda muka yi karen mota tare, ya miƙo mini ɗan memori ta tagar mota.

"Ka sa ma mutanenka wanga," in ji shi. "Ba na rawa da waƙa ba ne."

Ni al'adata ba na kallon fim kafin in fassara shi. Tare da jama'a nake ganinsa, don in na razana su ji a muryata. Saboda haka ran kasuwa, cikin bazara, ana zafi kamar a toya mutum, na soka memori na ɗauki abin magana ban san me ke ciki ba. Rumfa cike take da manoma, 'yan Gangara da Kusa da Riko. Wasu kasuwa ta kawo su, wasu kuma dama cikin gari suke zaune tun da ɓarayin daji suka tashe su daga gidajensu, suna jiran saukar ruwa su riƙa lallaɓawa gona.

Fim ya fara, ba kiɗa, ba faɗa. Gonaki ne iya ganin ido, a wata ƙasa ta ƙetaren teku, wata murya tana bayani da Faransanci. Ba a jima ba aka fara guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Kai mai fassara, ina jarumin?" Wani ya ce, "To waye bos ɗin?"

Na ce musu wannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Mutanen nan kowa da gidansa da gonarsa, zuwa aka yi aka ɗauke su kamar yadda ake ɗaukar labarai. Bos kuwa ba ya fitowa, ba shi da fuska, kamfani ne. Daidai nan aka nuno wani dogon bene na gilashi, na ce, "To ga gidansa nan, ku gaisa." Aka yi dariya. Daga ita ba a sake yin wata ba.

Abin da fim ɗin ya nuna shi ne, kamfani ya kawo wa manoman can iri mai yawan amfani, da farko kusan kyauta. Amma sai ka sa hannu cewa ba za ka ajiye ko ƙwaya don shukar baɗi ba. Kowace shekara ka dawo ka saya, ka haɗa da maganin feshinsu. A hankali irin gargajiya ya ɓace a ƙauyen, don ba mai ajiye shi. Sai wani dattijo guda, jan mutum, rana ta ƙone masa wuya, shi ya ci gaba da ajiye nasa kamar yadda ya ga ubansa na yi. Mutanen kamfani suka shiga gonarsa suka ɗebi samfur, suka ce da nasu a ciki, suka kai shi kotu. A ƙarshe aka nuno shi tsaye a cikin ma'ajiyarsa, wayam, ya buɗe tafin hannu yana cewa ba shi da ƙwaya ɗaya da zai kira tasa.

Ni da nake ƙara wa kowane fim gishiri, ranar ban ƙara ko kalma ba. Ni ba manomin kirki ba ne, amma ɗan manomi ne, na san abin da mutanen rumfar nan suke ji. A wajenmu in an yi girbi, kafin a taɓa komai, mai gona yake bi ya zaɓi zangarnun da suka fi tsawo da cika, ya ɗaure su daban, ya rataye inda hayaƙi ke bugunsu don kada ƙwari su ci. Ko yunwa za ta kashe gidan ba a taɓa wannan. Kuma in wuta ko gara ko gudun tsira ta raba mutum da irinsa, wurin maƙwabci yake zuwa ya yi sallama. Ba a sayar masa, ba a hana shi. Abin kunya ne a ji damina ta sauka wani yana zaune ba iri alhali kai kana da shi.

Akwai wani tsoho ɗan Gangara da kullum yake zama bencin gaba. Shi ba fim ke kawo shi ba, fanka ce, yawanci ma barci yake yi. Ranar sai ya ɗaga sandarsa.

"Ɗana, tsaya. Irin nan, nashi ne ko na sata?"

Na ce, "Daga gonarsa ya fito, Baba."

"Kuma alƙali ya ba su gaskiya?"

"Haka aka nuna."

Ya yi salati, ya gyara hula, ya fice.

Daga ranar ba a sake barina na sa fim ɗin faɗa ran kasuwa ba. Kowa sai ya ce a sa na mai irin nan. Wani ya ɗauki muryata a waya, abu ya bi gari. Ni dai ban ambaci sunan kamfanin da ya ba mu sola ba, na cikin fim ɗin ma wani ne daban, ba su haɗa ƙasa ba. Amma manomi ba wawa ba ne, in ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san ya shafa wa nasa ruwa. Suka riƙa zuwa shagon ɗan maƙwabcin namu, a ɗauki ledar iri a juya ta, a tambaye shi ko in an ajiye wannan baɗi zai yi. Shi kuwa ba maƙaryaci ba ne, sai ya ce ba zai yi kamar na fari ba, sai an sake saye. Sai a ajiye masa ledarsa a yi gaba. Magana ta kai kunnen ogansa a birni.

Wakilin ya zo ya same mu da hantsi muna shara. Ya durƙusa ya gaishe mu yadda ya saba, sannan ya ce, "Kawu, ni ba faɗa ya kawo ni ba, aiko ni aka yi." Saƙon shi ne, ran kasuwa mai zuwa in tashi gaban jama'a in ce fim ɗin nan ƙirƙira ce, 'yan wasa ne aka biya. Shi zai ɗauka a waya ya tura sama. In ban yi ba a kwance farantai.

Na yar da tsintsiya. Na ce, "Yo ku aka ambata? Mai kaza a aljihu dama ba ya jimirin as!"

Ya ce, "Kawu, su ma masu fim ɗin da wanda yake biyansu. Ka san ko gaskiya suka nuna?"

Na ce, "Ban san wanda ya biya su ba. Ku yi naku fim ɗin ku kawo, wallahi in fassara shi tsaf ban rage muku komai ba, jama'a su auna. Amma in ce ƙarya ne alhali ban ga ƙaryar ba? Haba! Sola kuka ara mana ko bakina kuka saya?"

Ya sake durƙusawa ya yi mana sallama, idonsa ya yi ja. Shi ma na san aikinsa ne a kan siraɗi, kuma matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba.

Da ya fita Yaya ya zauna a benci ya daɗe yana kallon rufi. Gidansa a lokacin cike yake, ban da nasa iyalin ga 'yan'uwan matarsa da suka gudo daga ƙauye, kuma duk rumfar nan ce ke ɗora tukunya, har da ta gidana. Can ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau na roƙe ka. Mutumin cikin fim ɗin nan bai ma san kana duniya ba."

Na ce, "To, Yaya." Ƙirjina kamar an zuba garwashi, amma na ce to.

Ran kasuwa ta zo, rumfa ta cika har ƙofa, don labari ya bazu cewa mai fassara zai yi magana. Wakilin kamfani yana tsaye gefe da waya a hannu. Yaya yana bakin ƙofa inda yake zama kullum. Na ɗauki abin magana. Na riga na tsara abin da zan faɗa, gajere, in haɗiye shi kamar maɗaci in wuce wurin. Na yi sallama, na ce, "Jama'a, game da fim ɗin nan da muka yi ta nunawa..."

Sai na ga ana darewa daga ƙofa. Tsohon nan ne ɗan Gangara, da wani ƙunshi a ka cikin tsohon buhu, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Ya ratso har gabana ya sauke, ya tsuguna ya kwance igiya. Zangarnun gero ne, dogaye, hayaƙi ya rine su, kowace a cike har baki. Ashe kwana biyun da ba a gan shi ba, Gangara ya tafi, hanyar da samari ma suke shakkar bi, ya shiga gidansa da ya gudu ya bari, ya kwanto su daga inda ya rataye.

"Ina direban da ya kawo hoton nan?" in ji shi. "A ba shi wanga shi kai ma mutumin. Na ga damina ta matso, shina zaune ba iri. Na kakana ne, ba shi tsoron fari. A ce mai kada shi biya kowa, kuma baɗi shi ajiye."

Shi a lissafinsa, tunda fim daga Nijar ya fito kuma mutumin ja ne, to can gaba da Agadas yake, mota za ta kai. Wasu samari a baya suka fara dariya, suka ga ba mai taya su, suka yi shiru. Wani manomi ma cewa ya yi da ya sani da ya haɗo da wake.

Tsohon ya ɗago ya dube ni. "Ko kuwa? Na ji ana ƙus-ƙus a kasuwa wai ƙarya ce. In ƙarya ce ka hwaɗa mani, in koma da abuna."

Na dubi Yaya. Kansa a sunkuye, yana wasa da carbi. Na dubi wayar da aka ɗaga saitin fuskata. Na sake duban geron. Mutumin da aka kora daga gidansa, wanda yake kwana a shagon wani, shi ne ya sayar da ransa ya ɗebo wa wanda bai taɓa gani ba iri. Ni kuma an ce in dubi idonsa in ce masa wawa ne, wasa aka yi masa. Kai! Ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan iya ba.

Na ce, "Baba, abin da na gani shi na faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Mutum ne kamar ni da kai."

Sannan na juya wajen wayar. Na ce, "Kai kuma ɗauka da kyau, kada hannunka ya yi rawa, ba da kai nake ba. Ka ce wa ogan naka mun gode da fanka, mun sha iska. Rana dai ba tasa ba ce, faranti ne nasa, ya aiko a ɗauka. Wanda yake son irinku ya saya, ban hana kowa ba, ni ma na yi muku talla. Amma manomi ya tambayi abin da zai zuba a gonarsa ku ce a toshe masa kunne? Ba da bakina ba!"

Rumfa ta ɗauki hayaniya, wasu na kabbara, wasu na tafi. Ni ban ji daɗin tafin ba ko kaɗan, don na san wanda zai biya kuɗinsa yana zaune a bakin ƙofa.

Da aka lafa na tsuguna kusa da tsohon na gaya masa gaskiya, cewa mutumin yana bayan teku, ba motar albasa da ke zuwa can, kuma wataƙila gero ma ba ya yi a ƙasarsu. Sai ya ce iri in ya fito gida ba ya komawa, a ba duk wanda aka tarar ba shi da shi a kan hanyar. Abokina direba ya tafi da geron, daga baya ya ce mini ya sauke shi a wani ƙauye gaba da Maraɗi, wurin wani magidanci da yunwa ta sa ya cinye nasa.

Ba a rufa mako ba aka turo masu kwance kaya. Wakilin yana tsaye a rana, ya kasa haɗa ido da kowa. Da aka jingina tsani ya matso kusa da Yaya ya ce, "Baba, har yanzu kalma ɗaya ce fa. In Kawu ya faɗa, ko a waya ne, ni zan san yadda na yi." Na tsaya ina jira. Na rantse, da Yaya ya juyo ya sake ce mini in faɗa, ban san yadda za mu ƙare ba. Amma bai ko dube ni ba. Ya ɗaga kai ya ce wa na saman rufi, "Ku bi a hankali da kwanon nan, shi namu ne."

Har yau in aka ce in sake, haka zan sake. Wanda ya ce na yi wauta, shi da Allah, ba shi ne ya tsaya gaban tsohon nan ba. Amma ba ni na fi jin jiki ba. Ni na koma tasha ina tafinta tsakanin direbobi da 'yan duwan, ina samun na cefane. Yaya ne, da furfurarsa, ya koma sayar da fetur a kwalba a bakin titi, rana tana dukansa daga safe har magariba.

Ranar da aka kwashe kayan, bayan kowa ya watse, mu biyu muka rage a rumfa. Fanka a tsaye, talabijin baƙi ƙirin, zufa tana bin bayanmu. Na daɗe ina neman ta inda zan fara. Na ce, "Yaya..."

Ya ɗaga mini hannu. "Kada ka ba ni haƙuri. Da ka faɗi abin da na sa ka, da ni ma ban sake iya gaisawa da tsohon nan ba. Tashi ka kama mini bencinan nan, mai makarantar bayan tasha yana jiransu, na sayar masa."

Na ce, "Yaushe har aka yi ciniki?"

Ya ce, "Tun ranar da ka ce mini to. Kai ka taɓa cewa to da sauri haka?"

Ya kama gaba na kama baya, muka fara fitar da su ɗaya bayan ɗaya.